Gudun fanfalaki: Me ya sa ake karɓar wani lokaci a matsayin tarihin duniya, a ƙi wani?

A watan Oktoban 2025, sashen da ke sa ido kan maguɗi a wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na duniya, AIU, ya dakatar da 'yar Kenya Ruth Chepngetich na tsawon shekara 3 bayan an gano haramtaccen magani a fitsarinta. Amma tarihin da ta kafa a birnin Shikago na Amurka ranar 13 ga Oktoba 2024, lokacin da ta kammala gudun fanfalaki cikin sa'a 2 da minti 9 da daƙiƙa 56, ba a taɓa shi ba. Nan ne kan masu bibiyar wasanni ya ɗaure: an kama ta, ta amsa laifi, ga kuma sunanta a saman kundi.

Akwai wasu abubuwan masu rikitarwa tun kafin wannan. A 2019 duniya ta kalli Eliud Kipchoge ɗan Kenya kai tsaye yana kammala wannan nisa cikin 1:59:40, amma a ranar da aka yanke wa Chepngetich hukunci, tarihin maza 2:00:35 ne, na marigayi Kelvin Kiptum. Mata kuwa tarihi biyu gare su a lokaci guda. Amsar duk waɗannan tana cikin dokokin hukumar World Athletics, wadda a da ake kira IAAF, domin a wurinta abin da agogo ya nuna kaɗai ba ya wadatarwa sai an duba inda aka yi gudun, da wa aka yi shi, da abin da ke ƙafar mai gudu da jininsa.

## Nisan da saurin da ake magana a kai

Gudun fanfalaki kilomita 42 ne da mita 195, kusan nisan Kano zuwa Wudil. Wannan ɗan ƙarin na mita 195 ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta Landan a 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor aka ƙare a cikin filin wasa, kuma a 1921 aka tsayar da shi a matsayin ma'auni.

Wanda ke son gama wannan nisa cikin sa'a 2 sai ya riƙa cin kilomita ɗaya a minti 2 da daƙiƙa 50 da 'yan kai, wato kimanin kilomita 21 a sa'a. Mai keke ma sai ya dage da feda kafin ya riƙe wannan saurin. A wani lissafin, mutum ya tsallake tsawon filin ƙwallo, mita 100, cikin daƙiƙa 17, ya maimaita haka sau 422 ba tare da ya tsaya ya sha iska ba.

Sai daga farkon 2004 hukumar ta fara amincewa da tarihin duniya a hukumance a wannan tsere. Kafin nan "lokaci mafi kyau" kawai ake cewa, saboda hanyoyin birane ba ɗaya suke ba. Na farko da aka amince da su su ne 2:04:55 na Paul Tergat ɗan Kenya, da 2:15:25 na Paula Radcliffe 'yar Birtaniya, dukansu na 2003. Daga Tergat zuwa Kiptum, shekara 20, an rage minti 4 da daƙiƙa 20.

## Hanyar ma sai ta ci jarrabawa

Ba da mota ake auna hanyar tsere ba, ba kuma da na'urar tauraron ɗan'adam ba. Da keke ake aunawa. Ana ɗaura wata 'yar na'ura a tayar gaba tana ƙirga juyawarta, bayan an fara gwada keken a kan wani yanki da aka auna da tef ɗin ƙarfe. Mai awon yana bin layi mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi, yana yanke kowace kwana, sannan a ƙara mita 1 a kowace kilomita don kada hanyar ta gaza ko da taku ɗaya. Shuɗin layin da ake gani an shafa a kan kwalta a Balin ta Jamus ko Landan yana nuna wannan gajeriyar hanya ce.

Bayan awo akwai sharuɗɗa biyu. Tazarar da ke tsakanin wurin tashi da wurin ƙarewa, idan aka ja miƙaƙƙen layi, kada ta wuce rabin nisan tseren. Sannan gangarar hanyar gaba ɗaya kada ta wuce mita 1 a kowace kilomita, wato kimanin mita 42. Na farkon don iska aka yi shi: idan hanya ta miƙe gefe ɗaya, iska na iya tura mai gudu daga baya tun farko har ƙarshe, amma idan ta zagayo, abin da iska ta ba shi a tafiya za ta karɓe a dawowa.

Birnin Boston na Amurka ne waɗannan sharuɗɗan suka fi shafa. Tserensa ya faro tun 1897, yana cikin mafi daraja a duniya, amma ana tashi ne daga garin Hopkinton a miƙe zuwa cikin birni, kuma gangararsa ta kai kimanin mita 140. A 2011 Geoffrey Mutai ya yi 2:03:02 a can, da iska a bayansa. Ya fi tarihin Haile Gebrselassie na wancan lokacin, 2:03:59, da daƙiƙa 57, amma ba a karɓa ba. Masu kare Boston suna cewa tuddan da ke kashi na biyu na hanyar suna gajiyar da ƙafa fiye da yadda gangarar ke taimaka mata, kuma a yawancin shekaru lokutan Boston ba su kai na Balin sauri ba. Wannan gaskiya ne. Amsar hukumar ita ce doka ba za ta iya bin yanayin kowace shekara tana cewa bana iska ta yi yawa, baɗi ba ta yi ba.

Balin kuwa shimfiɗaɗɗen gari ne, kwanonin titunansa kaɗan, kuma ana tseren ne a ƙarshen Satumba lokacin da sanyi ya fara shigowa. Daga Tergat a 2003 zuwa 2:01:09 na Kipchoge a 2022, sau 8 a jere aka kafa tarihin maza, duka a can: Tergat, Gebrselassie sau biyu, Patrick Makau, Wilson Kipsang, Dennis Kimetto, sai Kipchoge sau biyu. Kiptum ne ya karya wannan jerin a Shikago ranar 8 ga Oktoba 2023, a tserensa na fanfalaki na uku kacal, kuma rabin ƙarshe na tseren ya fi na farko sauri: 1:00:48 sannan 59:47. An tabbatar da tarihin nasa a farkon Fabrairun 2024. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 11 ga watan, ya rasu a haɗarin mota kusa da Eldoret ta Kenya tare da kocinsa Gervais Hakizimana ɗan Ruwanda, yana da shekara 24.

## Abin da ya faru a Biyana

Gudun Kipchoge na 12 ga Oktoba 2019 a birnin Biyana na Ostiriya an shirya shi ne don mutum ɗaya. Kamfanin INEOS ya ɗauki nauyi. An zaɓi wani miƙaƙƙen titi mai inuwar itatuwa a lambun Prater, aka riƙa kai da kawowa a kansa, kuma ba a tsayar da ranar ba sai da masana yanayi suka ce ga ranar da ta fi dacewa.

'Yan tsere 41 aka tara don su yi masa ja-gaba, suna shiga suna fita rukuni-rukuni, mutum 7 a lokaci guda, 5 a gaba suna tare masa iska, 2 a baya. A gabansu mota na tafiya tana haska koren layi a kan kwalta, kowa ya san inda zai ajiye ƙafa don kada saurin ya ragu ko ya ƙaru. Abin sha kuma a kan keke ake miƙo masa.

Dokar gasa ta hana ɗan ja-gaba ya shigo a tsakiyar hanya da sabon ƙarfi. Dole ya tashi tare da kowa, in ya gaji ya fita shi ke nan. Ruwa kuma daga teburin da aka tanada ake ɗauka. Sannan dole a yi gasa ce ta gaske, da abokan hamayya. Masu shirya taron Biyana sun san duk wannan, kuma ba su nemi a rubuta shi a kundi ba. Manufarsu su nuna cewa jikin ɗan'adam zai iya, bayan gwajin farko da Nike, mai ƙera takalma, ta shirya a Monza ta Italiya a 2017 ya tsaya a 2:00:25.

## Dalilin da ya sa mata ke da tarihi biyu

Ɗan ja-gaba yana tare iska, yana kuma ɗauke wa na bayansa nauyin lissafin sauri. A tseren maza, babu ɗan ja-gaban da zai iya riƙe saurin tarihin duniya har ƙarshe. Yawanci kafin kilomita 30 duk sun zube, a bar gwani shi kaɗai a daidai wurin da jiki ke fara ƙin umarni. A tseren da maza da mata suka tashi tare, mace za ta iya samun namiji ya ja ta har kusa da layin ƙarshe, domin 2:10 saurin da maza da yawa ke iyawa ne.

Saboda haka a 2011 hukumar ta yanke cewa tseren mata zalla kawai za a riƙa lissafawa. Hakan na nufin 2:15:25 na Radcliffe, da ta yi da rakiyar maza, zai sauka daga matsayinsa. Aka yi ca a kan hukumar, ta ja da baya, daga bisani aka raba kundin gida biyu. A na gauraye, Brigid Kosgei ta yi 2:14:04 a 2019, Tigst Assefa 'yar Habasha ta yi 2:11:53 a Balin a 2023, sai Chepngetich. A na mata zalla, Mary Keitany ta yi 2:17:01 a 2017, Peres Jepchirchir 2:16:16 a 2024, sai Assefa 2:15:50 a Afrilun 2025, duka a Landan. Assefa ɗin dai, mutum ɗaya, akwai kusan minti 4 tsakanin lokutanta biyu, ko da yake hanya da yanayi ma sun bambanta.

Wani lissafin ya fi wannan jan hankali. Tarihin Radcliffe ya shekara 16 ba wadda ta taɓa shi. Daga 2019 zuwa 2024, shekara 5, aka zabge masa minti 5 da daƙiƙa 29. Masu neman dalili abu biyu suke nunawa: takalmi da magani.

## Takalmin da ya sauya lissafi

A 1960 Abebe Bikila ɗan Habasha ya lashe zinare a Olamfik ta birnin Rum da ƙafa ba takalmi, cikin 2:15:16, lokacin da ya fi na kowa a zamaninsa. Shekaru da dama bayansa abin da aka yarda da shi shi ne takalmin tsere ya zama siriri, mara nauyi. A 2017 Nike ta fitar da Vaporfly, mai kaurin ƙasa, cike da wani soso mara nauyi da ke lotsawa ya dawo da ƙarfi, da falle mai tauri na zaren kabon a tsakiyarsa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Colorado, wanda Nike ɗin ce ta ɗauki nauyinsa, ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke ƙonawa da kimanin kashi 4 cikin 100. Wannan ba ya nufin lokaci zai ragu da kashi 4, amma ko kashi 1 cikin 100 na sa'a 2 ya haura minti ɗaya.

A Janairun 2020 hukumar ta sa iyaka: kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, kuma falle mai tauri ɗaya tak. Ba ta haramta takalmin ba, ba ta kuma soke wani tarihi ba.

Masu suka suna cewa an yanke igiyar da ke haɗa zamani da zamani, yanzu ba yadda za a kwatanta Gebrselassie da Kiptum. Suna ƙarawa da cewa takalmin ba ya amfanar kowa daidai, wani jikin ya fi wani karɓarsa, don haka ana iya cin tsere saboda dacewar ƙafa da soso. Masu goyon baya suna tuna cewa filayen gudu ma a da na garin gawayi ne kafin a koma roba, sandar tsalle ta gora ce kafin a sauya ta, kuma ba wanda ya goge tarihi saboda haka. Suna kuma nuna cewa yanzu kowane babban kamfani na da irin nasa. Assefa da Adidas ta yi nata tarihin a Balin. Wasan ninkaya ya taɓa shiga irin wannan hali, ya haramta wasu rigunan roba daga 2010, amma ya bar lokutan da aka kafa da su.

## Maganin hawan jini da tarihin Chepngetich

Abin da aka samu a jikin Chepngetich hydrochlorothiazide ne, maganin da likitoci ke rubuta wa masu hawan jini, wanda ke sa yawan fitsari. Shi kansa ba ya ƙara gudu. An haramta shi ne saboda yana iya wanke jiki ya tsarma fitsari, ya ɓoye alamar wani abin da aka sha. An ɗauki samfurin ranar 14 ga Maris 2025, aka sami nanogiram 3,800 a kowace mililita, alhali daga 20 ne ɗakin gwaji ke fara kai rahoto.

Da farko ta ce ba ta san yadda ya shiga jikinta ba. Daga baya ta ce rashin lafiya ta yi, ta sha maganin mai aikin gidanta ba tare da ta duba ba. AIU ta ce wannan bayani da wuya a gaskata shi, kuma ko da gaskiya ne, sakacin ya kai matsayin ganganci, wanda hukuncinsa shekara 4 ne. An rage mata shekara 1 saboda ta amsa laifin da wuri.

Dalilin barin tarihin kuwa yana cikin yadda dokar ke lissafin lokaci. Soke sakamako yana farawa ne daga ranar da aka ɗauki samfurin da ya nuna laifi, ya yi gaba. Tseren Shikago ya riga wannan ranar da wata 5, kuma ba a tabbatar da tarihi sai gwajin da aka yi wa mai shi bayan tseren ya fito lafiya. Haka aka yi da Wilson Kipsang: an dakatar da shi shekara 4 a 2020 saboda ɓacewa masu gwaji da ba da bayanan ƙarya, amma 2:03:23 ɗinsa na 2013 na nan a jerin.

Wani ɓangare na ganin duk wanda aka taɓa kamawa da babban laifi a goge duk abin da ya kafa, domin gwaji na kama kaɗan ne daga cikin masu yi, kuma ranar da aka kama mutum ba lallai ita ce ranar da ya fara ba. Suna kallon waɗanda ke biye da shi a jerin, da kuɗin da suka rasa. Ɗaya ɓangaren na cewa zato ba hujja ba ne, kuma hukuncin da aka gina a kansa ba zai tsaya a kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a Suwizalan ba. A 2017 hukumar nahiyar Turai ta kawo shawarar a ajiye duk tarihin da aka kafa kafin 2005, lokacin da ba a adana samfuri. Radcliffe na cikin waɗanda suka yi tir da ita, domin za ta haɗa mai laifi da mara laifi, kuma shawarar ba ta zama doka ba.

Matsalar ta fi tsanani a Kenya, wadda AIU ta sa a rukunin ƙasashen da suka fi haɗari. Rita Jeptoo da ta ci Boston, da Jemima Sumgong da ta ci zinare a Olamfik ta Rio a 2016, duk an kama su da EPO, sinadarin da ke ƙara jajayen ƙwayoyin jini. A garuruwa irin su Iten, mai tsayin kimanin mita 2,400 daga teku, dubban matasa ne ke fita gudu da asuba, kuma tsere ɗaya irin na Shikago na biyan wanda ya zo na ɗaya dala 100,000. A 2022 gwamnatin Kenya ta yi alkawarin dala miliyan 5 duk shekara har shekara 5 don ƙarfafa gwaji. Masu kare ƙasar na cewa yawan kamun alama ce ta yawan bincike. Masu shakka na cewa alama ce ta girman ɓarnar. Zargin ya kai har mai gaskiya ma sai ya nemi shaida: kafin tseren Balin na 2025, Sabastian Sawe ya nemi a ƙara masa gwaje-gwajen ba-zata, aka yi masa 25, sannan ya ci tseren da 2:02:16.

## Inda abin ya taɓa talakan mai gudu

Na farko aljihu ne. Vaporfly ya fito a kan dala 250, takalmin da Assefa ta sa a Balin kuwa dala 500, kuma an ƙera shi ne don kusan tsere ɗaya. Gwanaye kyauta kamfani ke ba su. Matashin da ke atisaye a tuddan Pankshin ko Jos ba tare da kwantiragi ba, yana tsayawa a layi ɗaya da su a tseren Legas da abin da ya iya saya, sau da yawa na gwanjo wanda sosonsa ya riga ya mutu.

Lokutan masu gudun sha'awa ma sun ragu, har masu shirya tseren Boston suka rage minti 5 daga lokacin cancantar shiga na 2026 ga 'yan ƙasa da shekara 60. Namiji mai shekara 18 zuwa 34 sai ya nuna ya taɓa yin 2:55. Wanda ya ga lokacin da ake cin tseren Legas da shi ya yi nesa da na Balin kuma, kada ya ɗauka gwanayen ne ba su zo ba. Galibi 'yan Kenya da Habasha ne ke cinye shi tun da aka fara a 2016, amma zafi da gumin Legas a watan Fabrairu ba sa barin jiki ya huce.

Sai batun magani. Dokar ta ɗora wa ɗan wasa alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba. A inda aka saba shiga kemis a ce "ba ni na ciwon jiki", a haɗo ƙwayoyi a leda ba suna, ko a karɓi ragowar na maƙwabci, wannan ƙa'ida na iya gamawa da ɗan tsere a rana ɗaya. Mai hawan jinin da likita ya rubuta wa irin maganin da aka samu a jikin Chepngetich ma sai ya nemi takardar izini ta musamman kafin a gwada shi.

Game da 2:09:56, hanya uku ta rage da za a iya sauke shi: a sake gwada samfurin da aka adana da sabuwar fasaha a sami wani abu, ko bayanan jininta da ake tarawa shekara da shekaru su nuna sauyi a wancan lokacin, ko ita da bakinta ta amsa cewa ta sha wani abu kafin tseren. AIU ta ce tana ci gaba da bincike kan wasu abubuwa da ta gani a wayarta. Dokar ta ba da shekara 10 don buɗe irin wannan shari'a, wato har zuwa Oktoban 2034. Dakatarwar tata kuwa, da aka fara lissafawa daga Afrilun 2025, za ta ƙare a Afrilun 2028.